KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Kowace rana muna ɗiban kalmomi kamar yadda ake ɗiban ruwa a rijiya, ba mu tambayar wanda ya haƙa. A darasin wannan wata muna so mu tsaya kaɗan mu tambaya. Gama kalma tana da asali kamar mutum. Tana da garinsu, tana da dangi, akwai kuma waɗanda suka yi kama da ita amma ba su haɗa komi ba. Mai karatu da ya san wannan ba za a ruɗe shi ba, mai rubutu kuma ba zai jawo wa kansa rigima ba.

Baƙin da suka zama 'yan gari

Kalmomi da yawa da muke tsammani namu ne tun kaka da kakanni, baƙi ne. Mafi yawansu daga Larabci suka zo, tare da malamai da fatake. Larabawa sukan sa "al" a gaban suna, mu kuwa muka haɗiye shi tare da sunan. Shi ya sa muke da albasa da alkama da allura da alƙali. Wani lokaci "a" ɗin ya faɗi, sai "l" kaɗai ya rage, kamar a cikin labari da lafiya da lahira da littafi.

Sunayen ranaku ma ƙidaya ce ta Larabci. Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Jumma'a ranar taruwa ke nan. Asabar kuwa tushenta yana cikin Ibrananci, watau ranar hutawa.

Waɗansu sun yi tafiya mai nisa fiye da haka. Alƙalami a wurin Helenawa sunan kara ne, irin wanda ake feƙewa a yi rubutu. Larabawa suka karɓa, suka miƙo mana. Linjila ma ta wannan hanya ta biyo, ma'anarta da Helenanci labari mai daɗi. Ikilisiya a harshen nan taron jama'a ne da aka kira, ba gini ba, shi ya sa muke da wata kalma dabam domin ginin, watau majami'a.

Maƙwabta kuma sun ba mu nasu. Takobi da raƙumi daga Buzaye suke. Ashana ta Yarbawa ce, ma'anarta ƙyasta wuta. Agogo a wurinsu ƙararrawa ce. Da Turawa suka zo, Hausawan Nijeriya suka ɗiba daga Ingilishi, na Nijar daga Faransanci. Domin haka Bakano ya kai ɗansa wurin likita, mutumin Maraɗi ya kai nasa wurin lokotoro, alhali kuwa kalmomin nan biyu uwarsu ɗaya.

Kunne yakan ruɗi mutum

Ga inda ake yin tuntuɓe. Mutum ya ji kalmomi biyu sun yi kama, sai ya ɗaura musu zumunci. Wani zai ce an kira kasuwa kasuwa domin a can ake kasa kaya. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka ba ne. Daga Barebari muka samo ta, su suna cewa kasugu, su ma daga "suƙ" na Larabci suka ɗauko.

A Kano akwai Dutsen Dala, a aljihun Ba'amurke kuma akwai dala, amma ba su san juna ba. Dalar kuɗi ta faro ne daga wani kwari a ƙasar Cek ta yanzu, inda aka haƙa azurfa aka buga kuɗi da ita a farkon ƙarni na 16. Da Jamusanci kwari "tal" ne, sai aka kira kuɗin "tala". Sunan ya yi ta yawo har ya haye teku. A Nijar, in an ce dala, faran 5 ake nufi. Dutsen kuwa yana nan da sunansa tun kafin a buga ko ɗaya.

Babban misali shi ne boko. An daɗe ana koya wa yara cewa daga kalmar Ingilishi ta littafi aka samo ta, wadda suke furtawa "buk". Amma ƙamus ɗin Rabaran Bargery, wanda aka buga a 1934, ya nuna boko tsohuwar kalmar Hausa ce, ma'anarta algus ko abin da ba na ainihi ba. Tsofaffi sun san amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a kai a madadin amaryar gaskiya. A 2013 Farfesa Paul Newman ya bi sawun kalmar, ya nuna ba ta da dangantaka da Ingilishi. Mutanen dā sun dubi karatun da Turawa suka kawo, suka ce na boko ne, watau ba na gaske ba. Yau sunan ya zauna, rainin ya tafi, ga shi da boko muke rubuta wannan darasi.

Wasa da baƙaƙe

Ba mu ce a daina wasa da kalmomi ba. Lauya kalmar Ingilishi ce, amma wa zai hana mu cewa an kira shi haka domin yana lauya magana? A yi dariya, sai dai a san wasa ne. Wasan kuma yana koya mana nauyin kowane baƙi.

Mu fara da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutunmu cikin shekarun 1930. Ku karanta waɗannan da ƙarfi a gida:

Maigida ya rubuto, "A yanka wa baki kaza." Uwargida ta yanka, ta kai wa bakinta. Baƙi suka kwana da yunwa.

Dattawa suka aika cewa gobe da safe za su fada gaban sarki. Mai karantawa ya ƙara ƙugiya, ya ce za su faɗa gaban sarki. Dogarai suka kwana da shiri.

Yaro ya rufe wasiƙarsa ga iyayensa, yana so ya ce Allah ya kare su, sai ya rubuta, "Allah ya ƙare ku." Addu'a ta koma la'ana saboda lanƙwasa ɗaya.

Wasali ma haka yake. Tsakanin "an sayar da motar malam" da "an sayar da matar malam" babu komi sai o da a, amma ɗaya ciniki ne, ɗaya kuwa sai gaban alƙali.

Har wa yau akwai filin da ake bari tsakanin kalmomi. Uba ya aiko da kuɗi domin 'yarsa, ya ce, "Ka ba ta." In an manne su, mai karɓa yana iya karanta "ka ɓata", ya kuwa ɓata. Ga wanda ya fi wannan haɗari. Mutum ya rubuta a takarda, "Kuɗin nan na bashi." Bayan ya rasu magada suka taru. Waɗansu suka ce bashi ne, a biya. Wanda ya karɓa ya ce marigayi yana nufin "na ba shi", kyauta ce. Wa zai raba wannan gardama? Mai alƙalamin ya riga ya tafi.

Akwai kuma waɗanda rubutu ba ya rabawa sam, sai murya. Gado na kwanciya da gado na magada rubutunsu ɗaya. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. A nan tilas mai karatu ya duba maganar duka kafin ya buɗe baki.

Abin da ya wajaba gare mu

A zamanin nan na wayar hannu mutane da yawa sun yar da ƙugiya, suna cewa ai za a gane. Sau tara za a gane, na goma shi ne na bashi. Domin haka magatakarda da ke rubuta lissafin kuɗin jama'a ya sake duba abin da ya rubuta. Wanda za ya yi karatu gaban taro ya karanta shi tukuna a gida, sau biyu, da murya. Malamin yara kuma kada ya koyar da asalin kalma don kawai ya yi daɗi a kunne, sai ya bincika.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambanci tsakanin koko da ƙoƙo, kaya da ƙaya, bari da ɓari? Ku sa kowanne cikin magana.
2. Kalmar "baƙi" tana da ma'ana uku a rubuce. Ku faɗe su. Guda nawa kuka gani a darasin nan?
3. Ku nemo kalmomi 5 masu farawa da "al" waɗanda ba mu ambata ba.
4. Yaya za a rubuta takardar kuɗin nan domin kada magada su yi gardama?