Filin Shawara: Mijina Ya Ce Mini Biri, Danginsa Sun Kira Yayana Mushe

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Jangeru ce ta ƙasar Shinkafi, ban daɗe da tarewa a Maraɗi ba. Mijina ɗan kasuwa ne, yana yawan tafiya Yamai. Na yi sakandare a Ƙauran Namoda, ina jin Turanci daidai gwargwado. Abu biyu suka hana ni barci. Ranar da yayana ya zo duba ni, aka ce malamin makaranta ne, sai na ji surukata ta ce wa yara, "Ku kai wa mushe ruwa." A gabana, kuma ba wanda ya ce uffan. Sannan makon jiya maigidan ya turo mini saƙo ta WhatsApp, wai "Tu me manques." Kalmar ƙarshen nan ta yi mini kama da ta Turanci mai nufin biri. Tun ranar ban sake ɗaga wayarsa ba. Ga ƙaramin ciki ina fama da shi. Anti, in haɗa kayana in koma gida, ko in ci gaba da haƙuri?

Amarya mai damuwa, Maraɗi

Wa alaikumus salam ɗiyata. Mayar da akwatin nan inda kika ɗauko shi. "Tu me manques" Faransanci ne, ma'anarsa "ina kewarki". Bawan Allah yana can Yamai yana begenki, ke kina nan kin ƙaurace wa wayarsa. Ki kira shi yau, ki ba shi haƙuri, ki kuma gaya masa abin da kika zata. Zai yi dariya, maganar ta wuce.

Surukarki ma ba ta zagi kowa ba. Bafaranshe yana ce wa namiji "monsieur" don girmamawa, kuma da ita 'yan makaranta ke kiran malaminsu. Da ta shiga bakin Bahaushen Nijar sai ta koma "mushe". Makarantar boko kuwa "lakwal" suke ce mata, don haka "mushen lakwal" malamin boko ne. Tsohuwar nan karrama yayanki ta yi, har da ruwan baƙunta.

Ki san cewa cikin dangi kike. Katsinawa da Gobirawa ne suka kafa Maraɗi da Tsibiri bayan jihadi, Alƙalawa kuma, tsohon birnin Gobir da aka ci a 1808, ba ta da wani nisa da garinku. Ingila da Faransa ne suka shata iyaka a tsakani da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Daga nan kowane ɓangare ya ari sunan sabon abu daga bakin Baturen da ya mulke shi. Mu muka ce fetur, su isansi. Mu kwastan, su duwan. Wutar lantarki a wajensu kuran ce, biro bik ne, babbar mota kamyo, mabuɗi lakile, wayar hannu salula. Ke ma in kika ce wa surukarki kwamishina ko firinsifal, sai ta nemi tafinta. Tun watan Maris na 2025 ma dokar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To wace baƙunta ta rage miki?

Tunda kina da juna biyu, riƙe waɗannan da kyau. In aka ce za a kai ki "likita", asibiti ake nufi. Mutumin da zai duba ki shi ne "lokotoro". Wurin awo da haihuwa "matarnite" ne, ungozoma kuma "sajfam". Takardar magani "ordonas" ce. A jikinta za ki ga an rubuta matin, wato safe. Midi, tsakar rana. Soir, yamma zuwa dare. In kin ga à jeun, ana nufin kafin ki sa komai a baki. Kada ki bar gaban mai ba da magani sai ya maimaita miki da Hausa ƙwaya nawa, sau nawa a yini.

Turancin naki kuma ki riƙa taka masa birki, don kalmar da ta yi kama da wadda kika sani ita ce ta fi saurin kayar da ke. In aka rubuto miki cewa wani blessé ne, ba albarka aka sa masa ba, rauni ya ji. Médecin mutum ne mai duba marasa lafiya, ba magani ba. Collège ƙaramar sakandare ce, kuma ajujuwanta baya-baya ake ƙirga su: ɗan aji shida shi ne sabon shiga, ɗan aji uku shi ke rubuta jarrabawar BEPC.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne shirun da kika yi. Kin ji kalma, kin fassara ta ke kaɗai, kin yanke hukunci, har kin fara tunanin yaji. Matambayi ba ya ɓata. Ki jawo ƙanwar mijinki a jiki, duk abin da ya shige miki duhu ki tambaye ta. Shi kuma maigidan ki roƙe shi ya riƙa turo kewar tasa da Hausa. Allah ya raba lafiya.

*

Salam Anti. Ina sayar da aya da gyaɗa a kasuwar Shinkafi. Akwai wani abokin cinikina a Maraɗi da muka daɗe tare, sai dai da can da naira muke lissafi. Wannan karon muka yi magana ta waya da kuɗin sefa, ya ce tiyar aya "ɗari da hamsin". Na yi murna, na ce a auna mini. Da kaya suka iso sai ya turo lissafi a kan sefa 750 kowace tiya. Ninki biyar fa ke nan! Abokaina sun ce cuta ce, in riƙe kuɗinsa. Mene ne shawararki?

Ɗan kasuwa, Shinkafi

Ƙanena, biya mutumin nan kuɗinsa, bai cuce ka ba. Bahaushen Nijar da "dala" yake ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala goma sefa 50, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500. A bakin 'yan kasuwa sau da yawa ba a ma ambaton dalar, adadin kawai ake faɗa. "Ɗari da hamsin" ɗin da ya ce maka dala 150 ce, wato sefa 750 cif.

Akwai wani tarkon a gaba. In ya ce "jika", sefa 1,000 yake nufi. A wajenmu kuwa jaka naira 200 ce, tun daga fam 100 na kafin zuwan naira a 1973. In kuma ya juya zuwa Faransanci, ba ruwansa da dala, kai tsaye yake ƙirgawa: "san faran" sefa 100, "mil faran" sefa 1,000. Ko a nan sai ka natsu, domin Bafaranshe saba'in yake kira sittin da goma, tamanin kuma ashirin huɗu, casa'in ashirin huɗu da goma. Ka kuma san "abans" kafin alƙalami ne, "kiredi" bashi, "mone" canji, "kado" kyauta.

Daga yau duk cinikin da za ku ƙulla, ya rubuto maka farashin da lambobi a saƙon waya, ya sa FCFA ko naira a gefe, kai ma ka amsa a rubuce kafin a ɗora kaya a mota. Abokan da ke zuga ka kuwa, ba su za su nemo maka wani amintaccen a Maraɗi ba in wannan ya juya maka baya.

Masu karatu, musamman na Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda da ke aure ko fatauci a tsallaken iyaka, ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. In magana ta shafi kuɗi ko magani, kada kunya ta hana ku cewa a maimaita. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.