Ɗaga Ƙarfe a Kan Benci: Me Ke Sa Ƙarfin Saurayi Ya Tsaya Wuri Ɗaya?

A garuruwan kudancin Jihar Katsina, tun daga Damari da Sabuwa har zuwa Faskari da Ƙanƙara, ba abin mamaki ba ne mutum ya tarar da samari a wani kango ko a bayan makaranta da la'asar sakaliya, sun kewaye wani benci suna ɗaga ƙarfe. Kayan aikin nasu na gida ne: bututun ƙarfe wanda aka dasa wa gwangwanin fenti cike da kankare a kowane gefe, ko kuwa tsofaffin ƙarafan mota da aka kai wa mai walda ya haɗa. Mutum zai kwanta rigingine a kan benci, ya sauko da ƙarfen bisa ƙirjinsa, sa'an nan ya tura shi sama. Wannan shi za mu kira turin benci a cikin wannan darasi.

Kukan da aka fi ji daga bakin waɗannan samari iri ɗaya ne. A watanni biyu ko uku na farko ƙarfi yana ta ƙaruwa kamar wasa, daga nan sai ya tsaya cik. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne, saurayin da ke saɓa buhun masara da kaka ya kai shi bakin mota, sai ga shi ya kasa tura kilo 40 daga ƙirjinsa. Wasu sukan ce asiri ne, wasu su ce jininsu ne bai karɓa ba, wasu kuma, waɗanda su ne suka fi ba ni tsoro, sai su nufi mai tallar ƙwayoyi. Ilmin halittu yana da bayani a kan wannan tsayawa, kuma bayanin bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Wace tsoka ce ke aikin?

Tsokoki uku ne ke ɗauke da yawancin aikin turin benci. Akwai babbar tsokar ƙirji mai kama da mafici, wadda ta taso daga ƙashin tsakiyar ƙirji da ƙashin wuya ta ɗaure a saman ƙashin damtse. Akwai tsokar gaban kafaɗa. Sai kuma tsokar bayan damtse mai kai uku, wadda ita ce ke miƙar da gwiwar hannu. Ƙwanjin gaban damtse, wanda samari ke murɗewa suna nunawa, aikinsa lanƙwasa hannu ne, don haka ɗan abin da yake yi a wannan turi kaɗan ne. Ɗaukar buhu kuwa aikin ƙafafu ne da ƙugu da gadon baya, haka ma noma da jan guga sun fi ƙarfafa tsokokin ja. To, ashe ba abin mamaki ba ne ɗan manomi ya kasance ƙaƙƙarfa a gona amma rarrauna a benci. Jiki yakan ƙware ne a kan aikin da aka saba ba shi.

A cikin kowace tsoka akwai dubban zaruruwa, a cikin kowane zare kuma akwai waɗansu siraran sinadarai guda biyu, aktin da mayosin, waɗanda ke zamewa a tsakanin juna idan tsoka za ta tsuke. A shekarar 1954 ne aka bayyana haka, a binciken Andrew Huxley da Rolf Niedergerke da kuma na Hugh Huxley da Jean Hanson. Amma zaren tsoka ba ya motsi sai da umurni. Umurnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya bi ta laka, ya isa tsoka ta jijiyoyin saƙo. A nan Hausa takan rikita ɗalibi, domin da hanyar jini, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da wayar da ke kai saƙo, duk jijiya muke ce musu, alhali kuwa abubuwa ne daban-daban.

Wannan bambanci shi ne asirin saurin ƙaruwar farko. Sabon shiga ba ya iya kiran dukkan zaruruwan tsokarsa su yi aiki a lokaci guda, kuma tsokokin da ya kamata su saki sukan yi ta ja da masu turi. Cikin makonnin farko ƙwaƙwalwa ce ke koyon aikin, shi ya sa nauyi ke ƙaruwa alhali damtse bai ƙara kauri ba. Moritani da deVries sun nuna haka a wani bincike da suka buga a 1979. Idan wannan koyo ya kankama, sauran ƙaruwa sai ta dogara ga ginuwar tsokar kanta, ita kuwa ginuwar tsoka aikin watanni ne. Saboda haka yawancin abin da saurayi ke kira tsayawa, sauyin tafiya ne daga gudu zuwa sassarfa.

Sai kuma batun balaga. Sinadarin tastostiron, wanda ke buɗe murya ya fito da gemu, shi ne ke ba tsoka damar yin kauri sosai. Yara biyu 'yan shekara 15 a aji ɗaya, ɗaya ya yi nisa a balaga, ɗaya ko farawa bai yi ba, kuma duka lafiyarsu lau. Bugu da ƙari, a lokacin da yaro ke miƙewa ƙashi yakan riga tsoka girma. Dogon hannu yana ƙara nisan da ƙarfe zai yi tafiya, yana kuma ƙara wahalar da ke kan kafaɗa, kamar yadda guga ke ƙara nauyi idan ka riƙe shi nesa da jikinka. Dogon yaro siriri da ke gwada kansa da gajere mai faɗin ƙirji yana zaluntar kansa ne kawai.

Matsalar gwangwanin kankare

A ganina babban abin da ke tsayar da samarin karkara ba a jikinsu yake ba, a kayan aikinsu yake. Ƙa'idar ƙara ƙarfi ita ce a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ne ya tsara wannan ƙa'ida a 1945 lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. To amma a kangon da ƙarfe biyu kawai ke akwai, ƙarami da babba, ina ƙari kaɗan-kaɗan? A ce ƙaramin kilo 30 ne, babban kilo 45. Wanda ya tashi daga wannan zuwa wancan ya ƙara rabin nauyi a tashi ɗaya, alhali shawarar likitocin yara ita ce kada ƙari ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Sai yaro ya yi wata shida yana kokawa da babban ƙarfe yana faɗuwa, ko ya zauna a kan ƙaramin da ya daina koya wa jikinsa komai.

Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi. Da farko a kai ƙarfen wurin masu sikeli a auna shi, domin yawancin nauyin da samari ke faɗa cika baki ne. Wanda zai zuba sabo ya sani cewa lita ɗaya ta kankare tana kai kimanin kilo 2.4, wato gwangwani mai cin lita 4 zai ba da kusan kilo 10. Ita kuwa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce daidai. Ke nan ledar ruwan sha mai cin rabin lita rabin kilo ce. Ka ɗaure ɗaya a kowane gefe, ka ƙara kilo ɗaya. Gorar roba mai cike da yashi ta fi haka nauyi, kuma ba ta fashewa. Wanda ya ƙara kilo ɗaya duk bayan mako biyu, a shekara ya ƙara fiye da kilo 20. Sannu ba ta hana zuwa.

Yaushe za a ƙara? A zaɓi nauyin da za a iya turawa sau 8 ba tare da karkacewa ba. A yi zagaye uku, a huta minti biyu zuwa uku a tsakani. Wannan hutu ba lalaci ba ne: makamashin gaggawa da tsoka ke ajiyewa ba ya wuce na daƙiƙa goma ko makamancin haka, kuma yana buƙatar 'yan mintoci kafin ya dawo. Ranar da aka iya sau 12 a duka zagayen uku, sai a ƙara nauyi a koma sau 8. Kwana biyu ko uku a mako sun isa, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani, domin tsoka takan ɗauki awa 24 zuwa 48 tana gyaran kanta bayan aiki. Al'adar nan ta gwajin ƙwanji kullum, kowa ya nuna iyakar abin da zai ɗaga sau ɗaya, ita ce ta fi kowace cin baya. Awo ne, ba horo ba, kuma ba a ƙara wa rago ƙiba da yawan ɗora shi a sikeli.

Kwanciyar ma tana da ƙa'ida. A kafa tafin ƙafa biyu a ƙasa, a matse allunan kafaɗa su kusanci juna, kada ɗuwawu ya bar benci. Kada a buɗe gwiwar hannu ta yi daidai da kafaɗa kamar fiffike. A ɗan matso da ita wajen haƙarƙari. Ƙarfe ya sauka a hankali ya taɓa ƙasan ƙirji, ba a buga shi ya yi tsalle ba. Sa'an nan a lura da inda yake maƙalewa. In tun daga ƙirji ne, a rage nauyi a riƙa tsayar da shi daƙiƙa ɗaya a ƙirjin kafin a tura. In kuwa sai an kusa miƙe hannu ne, to tsokar bayan damtse ce ke da rauni, sai a riƙa matso da hannuwa kusa da juna a wasu ranaku. Turin ƙasa, wato mutum ya kifa ciki ya dafa ƙasa ya riƙa ɗaga jikinsa, yana ɗora wa hannuwa kusan kashi biyu cikin uku na nauyin jiki. Yaro mai kilo 55 da ke yin haka kamar yana tura kilo 35 ne, kuma babu abin da zai faɗo masa. Wanda bai iya yin sau 15 masu kyau ba, bai kamata ya yi gaggawar hawa benci ba tukuna.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Babban yatsa dole ya zagaye ƙarfe, kuma dole a sami mutum tsaye a wajen kai wanda zai tare. Ƙarfen da ya suɓuce a benci wuya yake nufa ko ƙirji, kuma an sha rasa rai ta wannan hanya.

Abinci, barci da ƙwaya

Tsoka da furotin ake gina ta. Binciken da aka tattara a 2018 a kan manya masu ɗaga ƙarfe ya nuna amfani yana ƙaruwa har zuwa kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. In muka ɗauki wannan a matsayin ma'auni, mai kilo 55 zai nemi giram 88. Yankin da ke noma masara da wake da waken suya ba ya buƙatar garin gwangwani daga waje. Giram 100 na busasshen wake yana da kimanin giram 24, ƙwai biyu 12, rabin litar nono 16, giram 50 na gyaɗa 12, tuwon da aka tuƙa da giram 300 na garin masara kuwa wajen 27. A haɗa a gani. Furotin ɗin masara da dawa yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake ke da shi da yawa, don haka haɗa hatsi da wake, ko awara, ko ƙuli-ƙuli da nono, ya fi cin tuwo zalla. Sai dai yaron da ke girma, yana noma, yana tafiya makaranta a ƙafa, in bai ƙoshi ba jikinsa zai ƙone furotin ɗin ne a matsayin makamashi. Haka kuma zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya suna rage jini. Mai yawan kasala da haki ya fara zuwa asibiti. Mai ciwon sikila ko na zuciya kada ya fara sai da izinin likita. Barcin da masana suka ƙayyade wa 'yan shekara 13 zuwa 18 shi ne awa 8 zuwa 10, kuma wayar hannu ita ce babbar ɓarauniyarsa.

Game da tsoron iyaye cewa ƙarfe yana hana tsawo, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta duba batun a 2008 da kuma 2020, ta ce horon da aka yi bisa ƙa'ida da kulawar babba ba ya tauye girma. Amma a kan dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani faifan guringuntsi inda tsawo ke fitowa, wanda ba ya rufewa sai wajen ƙarshen shekarun samartaka, kuma ganganci da nauyin da ya fi ƙarfi yana iya ji masa rauni. Abin da ke hana tsawo da gaske shi ne ƙwayoyi da alluran ƙara tsoka masu kwaikwayon tastostiron, domin suna rufe wannan faifai kafin lokacinsa, ban da illarsu ga hanta da zuciya da maraina. Ƙwayar deksametason, wadda ke cikin abin da ake kira sha-ka-fashe, kumbura fuska da ciki take yi, tsoka kuwa cinye ta take yi. Taramadol ba ya ƙara ko giram ɗaya na ƙarfi. Zafi yake ɓoyewa, shi kuwa zafin kafaɗa gargaɗi ne, kuma tun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Ya kamata ɗalibai su san cewa a wannan fanni Nijeriya ba baya ba ce. A wasannin Olamfik na naƙasassu turin benci ne kaɗai gasar ɗaga nauyi. Yakubu Adesokan ya tura kilo 180 a birnin Landan a 2012, a ajin masu nauyin kilo 48, wato kusan ninki huɗu na jikinsa. Folashade Oluwafemiayo kuma ta tura kilo 167 a babban birnin Faransa a 2024. Dukansu sun ci zinariya tare da kafa tarihin duniya.

Ga malaman kimiyya, akwai gwaji mai sauƙi da zai haɗa darasin tsoka da na lissafin ƙarfi. A zuba lita 3 ta ruwa a guga. Ɗalibi ya miƙe hannunsa gefe daidai da kafaɗa, a rataya gugan a gwiwar hannunsa, a ƙidaya daƙiƙoƙin da zai iya riƙewa. Bayan ya huta minti biyar a mayar da gugan tafin hannunsa a sake ƙidayawa. Sa'an nan a auna nisan kowane wuri daga kafaɗa da ma'aunin tela, ɗalibai su rubuta sakamakon kowa a allo, su kwatanta na masu dogon hannu da na masu gajere.