Darasi na 18: Gidan rediyon Tamanraset

Tamanraset gari ne da ke kudancin ƙasar Aljeriya, a cikin duwatsun Ahaggar. Tsakaninsa da Aljas, babban birnin ƙasar, kusan kilomita 2000 ne. Iyakar Nijar ta fi kusa, don kilomita 400 ne zuwa In Gezzam. Yawancin mutanen yankin Abzinawa ne da Larabawa. Akwai kuma Hausawa ƴan kasuwa da ƴan cin rani.

A da, mutanen garin sai dai su saurari rediyon Aljas. Amma mai magana a Aljas bai san rijiyoyinsu ba, bai san kasuwarsu ba. A shekarar 1992 aka buɗe musu gidan rediyo nasu, wanda aka sa wa suna Rediyo Ahaggar. Yana magana da Larabci da Tamahak, wato harshen Abzinawan wurin.

Waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan ƙananan gidajen rediyo a wancan zamani ba su manta da wahalarsa ba. Ma'aikata ba su da yawa. Mutum ɗaya ne zai je kasuwa da na'urar ɗaukar magana, ya komo ya rubuta labari da hannu, sannan ya karanta shi. Babu kwamfuta. A kan zare ake ɗaukar murya. In mutum ya yi kuskure, sai a yanke wurin da reza, a liƙe zaren. Ƙura kuwa abokiyar gaba ce, don haka kullum ana lulluɓe na'urori da ƙyalle.

Abin da suka fi tunawa shi ne sanarwa. Wani zai zo da cigiyar raƙuminsa, wani da sanarwar rasuwa ko ta suna. Likita zai aiko da ranar lamba. In ruwa ya sauka bisa duwatsu, busasshiyar ƙorama tana iya cika nan take, ta tafi da mutane da dabbobi. Gargaɗin rediyo yana iya tsirar da makiyayin da ke nesa da gari.

Saboda haka ma'aikacin rediyo ba ya gaggawa. In ya faɗi Talata maimakon Laraba, uwa za ta ɗauko ɗanta daga nesa, ta tarar babu likita. A ƙaramin gari kuma kowa ya san mai muryar. Gobe za a tare shi a kasuwa a tambaye shi dalili. Shi ya sa yake karanta takarda sau biyu kafin ya buɗe baki.

A Nijar ma, an buɗe rediyon karkara a Bankilare a 1999, yana aiki da hasken rana. Daga baya wasu garuruwa da yawa suka sami nasu.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka buɗe Rediyo Ahaggar?
2. Da waɗanne harsuna yake magana?
3. Yaya ake gyara kuskure a kan zare?
4. Don me ma'aikaci yake karanta takarda sau biyu?

Aiki
Rubuta cigiyar akuyar da ta ɓace. Faɗi launinta, da ranar da ta ɓace, da wurin da za a kai ta. Karanta wa ƴan ajinku da babbar murya.