Kalmomin Gargaɗi da Tsawatarwa a Ingilishi: Inda Ɗalibi Bahaushe Ke Tuntuɓe

Ɗalibin da ya taso a Cadawa, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya shiga ajin farko na kwaleji, bayan ya shafe shekara shida yana karatu da Faransanci. Saboda haka duk kalmar Ingilishi da ta zo masa sai ta ratsa ƙofa biyu, ta Faransanci da ta Hausa, kafin ta zauna a ransa. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, nazarin irin wannan ratsawa ya zama wajibi. Kalmomin gargaɗi da tsawatarwa suna cikin waɗanda kuskure a kansu ke da tsada, domin da su ake rubuta takardar horo a ofis, da su kuma ake ba da labarin abin da ya gudana tsakanin babba da yaro.

Ingilishi yana raba wannan fage ne ta fuskar lokaci. Kalmar warn tana duban gaba, abin bai riga ya faru ba, ana so a kauce masa. Kalmomin scold da rebuke da reprimand kuwa baya suke duba, laifi ya riga ya auku. Nahawu ma yana nuna wannan. A ɗauki babbar hanyar da ta ratsa Cadawa, wadda ta taso daga Maraɗi ta nufi Agye da Damagaram. Idan shugaban makaranta ya tara yara da safe, sai a ce: The headmaster warned the pupils not to play on the road. Idan kuma ya kama su suna wasan ne, sai a ce: He scolded them for playing on the road. Ƴan kalmomin da ke bin warn su ne not to, da against, da about, da of, amma scold da ƴan uwanta for suke ɗauka, wadda ke gabatar da laifin da aka riga aka yi.

Hausa ba ta wannan fuska ta fi rarrabewa ba. Abin da ta fi kula da shi shi ne nauyin maganar da matsayin mai yin ta. Nasiha tana da taushi, gargaɗi ya fi ta ƙarfi, kashedi kuwa yana ɗauke da barazana. Jan kunne yana iya zuwa kafin laifi, yana iya zuwa bayansa don kada a sake. Wannan ne ya sa ɗalibi ke sanya warn a duk inda Hausa za ta ce an ja wa wani kunne, ko da abin da ya faru faɗa ne tsantsa. Kalmar Ingilishi da ta fi kusa da jan kunne ita ce admonish, wadda ke karɓar to idan ana duban gaba, ta karɓi for idan ana duban baya, sai dai kalma ce ta littafi, ba kasafai ake jin ta a hira ba.

Akwai wani bambanci da masanin falsafar harshe J. L. Austin ya buɗe ƙofarsa a littafinsa How to Do Things with Words na 1962: wasu aikatau, furta su shi ne aikata su. Wanda ya ce I warn you ya riga ya yi gargaɗin, kamar yadda Bahaushe ke cewa «Ina yi maka kashedi». Amma babu uwar da za ta dubi ɗanta ta ce I scold you. Faɗa a cikin murya da kalmomin da aka zaɓa yake, sai wani daga gefe ya ba shi suna. Hausa ma haka take, ba a cewa «Ina yi maka tsawa», daka ta kawai ake yi.

Su kansu kalmomin duban baya ba matsayinsu ɗaya ba. Scold ta gida ce, daga babba zuwa yaro, kuma idan aka yi amfani da ita ga ma'aikaci baligi, an mayar da shi yaro ke nan. Masana asalin kalmomi suna danganta ta da skald, wato mawaƙi a tsohon harshen mutanen arewacin Turai, saboda kaifin bakin mawaƙan, abin da ba zai ba wanda ya san zambon maroƙa mamaki ba. Tell off ta hira ce, ba ta shiga takardar aiki. Rebuke tana da kaifi da girma, ita jaridu ke so idan wani shugaba ya tsawata wa wani. Reprimand ta hukuma ce, daga Faransanci ta shigo, kuma takan shiga fayil ɗin ma'aikaci.

Faransanci yana taimako, yana kuma yaudara. Taimakonsa a bayyane yake: réprimander da reprimand abu guda ne, gronder kuwa tana nufin rugugin aradu da kuma yi wa yaro faɗa, daidai da yadda tsawa ke ɗauke da ma'anonin biyu a Hausa. Yaudarar ta fi yawa. Prévenir na nufin sanar da mutum tun da wuri, amma prevent hanawa ce, don haka ɗalibin da ya rubuta I prevented him yana nufin ya gargaɗe shi, ya faɗi abin da bai faru ba. Avertissement gargaɗi ne, advertisement kuwa talla ce. Katin rawaya da alƙalin wasa ke ɗagawa, wanda Faransanci ke kira avertissement, sunansa caution a dokokin ƙwallon ƙafa na Ingilishi. Haka nan blâme na makaranta ko na ofis reprimand ne, domin blame ɗora wa mutum alhakin abu ce, ana iya yin ta ma ba ya wurin.

Kurakurai biyu kuma daga Hausa kai tsaye suke fitowa. Na farko, Hausa tana cewa an yi wa wane gargaɗi, an tsawata masa, sai ɗalibi ya nemi gurbin wannan «wa» ya rubuta warned to him, alhali duk waɗannan aikatau kai tsaye suke ɗaukar karɓau. Na biyu ya fi muni. Kalmar faɗa tana canza ma'ana da abin da ke tare da ita: yi wa mutum faɗa daban, yin faɗa da shi daban. Ɗalibar da ta so ta ce mahaifiyarta ta yi mata faɗa, ta rubuta My mother fought me, ta shaida wa mai gyaran jarrabawa cewa an ba hammata iska a gidansu.