Darasi Na Goma Sha Biyu: Baƙon Da Ya Je Neman Tafkin Chadi

Jama'a, a darasin yau za mu bi wani matafiyi zuwa ƙasar Barno. Sunansa Barth, mutumin Jamus ne, amma a ƙasashenmu an san shi da suna Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da abokan tafiya biyu. Sun taso daga Tarabulus a shekarar 1850, suka keto Sahara bisa raƙuma. Abdulkarim ya biyo ta Katsina da Kano da Gumel, ya isa Kukawa a watan Afrilu na 1851. A zamanin nan Shehu Umar ɗan Shehu Laminu ke sarautar Barno. Baƙon nan yana jin Larabci, kuma ya koyi Hausa a hanya. Shi ya sa duk inda ya sauka yakan zauna da mutane ya yi tambaya, ya rubuta abin da suka gaya masa.

Bai daɗe da sauka ba sai Shehu ya fita shan iska zuwa wani gari da ake kira Ngornu, kusa da tafki. Abdulkarim ya bi shi. Tun yana ƙasarsu yake jin labarin Tafkin Chadi, ya ƙosa ya gan shi da idonsa. Da gari ya waye ya hau doki ya nufi gabas. Ya yi ta tafiya cikin fili mai ciyawa, ba itace, ba tudu. Daga nan sai fadama da taɓo. Ya ɗaga kai ya duba, ya sake dubawa, bai ga ruwa shimfiɗe ba. Haka ya juyo gida rai a ɓace.

To, ina tafkin ya tafi? Bai tafi ko'ina ba. Baƙon ne bai san halinsa ba. Chadi ba shi da gaɓa tsayayya kamar kogi. Ƙasar wurin a baje take kamar faifai, ruwan kuma ba zurfi. In ya ƙaru da kamu ɗaya sai ya malale fili mai nisa, in ya ragu sai ya bar mutum da ciyawa.

Da ya sake fita, sai ya tafi da mutanen wurin, su suka nuna masa hanya. Ku lura da wannan. Abin da ilminsa na makaranta bai ba shi ba, mutanen ƙauye suka ba shi a yini guda. Suka kutsa cikin iwa da ruwa, wani wuri har ruwa ya kai wa doki ciki. A ranar ya ga dorina birjik, ya ga tsuntsayen ruwa, ya kuma ga jiragen Buduma, mutanen da ke zaune a tsibiran tafkin. Ya ɗanɗana ruwan, ya ji ba gishiri, ana sha lafiya lau. Daga nan suka yada zango a ƙauyen Maduwari, wurin Kanembu masu shanu, aka karɓe shi hannu bibbiyu.

Zaman bakin Chadi zama ne na bin ruwa. In ruwa ya cika, masunta ke da kasuwa. Su kama kifi, su yi banda, fatake su kai shi garuruwa masu nisa. In ruwa ya ja baya sai ya bar ƙasa baƙa mai laima. Nan manomi zai shuka masara da wake ba tare da jiran damina ba. Makiyayi kuma ya koro dabbobinsa su ci ɗanyar ciyawa da rani tsaka. Akwai wasu shanu a can da ake ce musu kuri, farare masu manyan ƙahoni. Sukan yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Sau da yawa mutum guda ne masunci a wannan wata, manomi a wancan. Amma kada mu ce daɗi ne zalla. Sauron wurin ba ya barin mutum ko dabba su runtsa.

Abokin Abdulkarim, Overweg, wanda ake kira Tabib, shi ya fi shi sanin ruwan. Sun zo da jirgin ruwa tun daga Tarabulus, an raba shi gida huɗu, raƙuma suka ɗauko. Ku duba wahala! A bakin Chadi aka harhaɗa shi. Tabib ya shiga ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran Buduma a 1851. A watan Satumba na 1852 zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Maduwari yana ɗan shekara 30, aka binne shi can. Shi ne ya 'yanta wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda daga baya ya bi Abdulkarim har Ingila.

Ga abin mamaki. Bayan 'yan shekaru da Abdulkarim ya komo Barno daga Tambutu, sai ya tarar ruwa ya ci babban ɓangare na garin Ngornu. Wato inda ya yi sukuwa yana neman tafki, tafkin ne ya zo da kansa.

Mu ma a zamaninmu an ga haka. Wajen 1963 faɗin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Sai aka yi fari a shekarun 1970 da na 1980, ya ragu har ya koma wajen kashi ɗaya bisa goma, ya rabe biyu, kudu da arewa. Garuruwa irin su Baga suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Daga baya ruwa ya ɗan komo. Mafi yawan ruwan tafkin daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da na Logon. Kaɗan ne ke zuwa daga wajenmu, ta kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe. Ƙasashe huɗu ke kewaye da shi: Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. A 1964 suka kafa hukuma guda don kula da ruwan. Saboda haka in mun tare kogi a nan Kano ko Jigawa, masuncin Yobe da na Barno zai ji a jikinsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Abdulkarim bai ga tafki ba a fitarsa ta farko?
2. Wace sana'a ake yi a bakin Chadi in ruwa ya ja baya?
3. Ku tambayi dattawan garinku ko akwai tafki ko fadama da ta ƙafe a zamaninsu. Kowa ya rubuto sunanta da shekarar da abin ya faru, ya kawo aji ran darasi mai zuwa.