Ɓaure da Danginsa

Duk wanda ya ji sunan Dutse, dabino yake fara tunawa, gama dabinon Dutse ya yi suna a ƙasar Hausa, har gwamnati ta kafa tashar binciken dabino a garin. Amma akwai waɗansu itatuwa da muke zama a inuwarsu kullum ba mu kula da su ba. Su ne ɓaure da danginsa. A cikin wannan darasi za mu koyi yadda ake gane su, da yadda suke haihuwa, da kuma yadda yaro zai iya tara su ya dasa, har ya riƙa wa gidansu itacen da kakansa ya bari.

Yadda ake gane su

Masana sun ƙidaya dangin ɓaure fiye da iri 800 a duniya, yawancinsu a ƙasashe masu zafi. Alamarsu biyu ce. Ta fari, idan ka tsinke ganye ko ka karya reshe, sai ka ga wani farin ruwa kamar nono yana tsattsafowa, mai danƙo. Ta biyu, ba ka taɓa ganin furensu a waje. Ga waɗanda muka fi sani a ƙasarmu.

Ɓaure shi ne babban gida. Yana son bakin rafi da fadama. Ɓawonsa fari-fari ne mai ɗan rawaya, ganyensa kewayayye ne mai kaushi. 'Ya'yansa in sun nuna sukan yi ja-ja, yara da tsuntsaye da awaki duka suna ci.

Durumi ganyensa sumul yake, yana ƙyalli, ga dogon wuya, ga tsini a baki. Inuwarsa sanyi gare ta, don haka ake dasa shi a ƙofar gida da kasuwa.

Ceɗiya ganyenta bai kai na durumi faɗi ba, kore ne shar. Takan sako saiwoyi daga rassanta kamar gemu. 'Ya'yanta ƙanana ne, jemagu na son su ƙwarai, ganyenta kuwa abincin dabbobi ne da rani.

Gamji ya fi su duka faɗin ganye, jikinsa ja-ja ne. Da danƙonsa yara ke kama tsuntsu, a dā kuma har fataucinsa aka yi, shi ya sa Turawa suka sa masa suna itacen jan danƙon Kano.

Kawuri abokin duwatsu ne. Yakan tsiro a tsagin fa, inda ba ka ganin ƙasa ko cikin tafi, ya cusa saiwarsa ciki yana neman ruwa. Yaron da ke zaune kusa da duwatsu kamar na garinmu ya kamata ya neme shi ya san shi.

Uwar yara kuwa a jikin gindi da manyan rassa take zuba 'ya'yanta, cunkus, suna reto.

Hausawa sun daɗe da waɗannan itatuwa, sunayen wurare ma sun shaida. A Jihar Katsina akwai garin Ɓaure. A birnin Kano akwai unguwar Durumin Iya da ta Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa wanda ya rasu a 1966, da Gamji ake yi masa kirari, saboda girman itacen da ƙarfinsa.

Akwai kuma ɗan'uwansu na ƙasashen waje, wanda Larabawa ke kira tin. Shi ne aka sa wa sura ta 95 ta Alƙur'ani mai girma sunansa. Itacensa gajere ne, ganyensa a rarrabe kamar yatsun hannu, 'ya'yansa zaƙi kamar zuma, har shanya su ake yi a kai ƙasashe. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa nomansa.

Abin da ke cikin ɓaure

Manya kan gargaɗi yaro su ce, in za ka ci ɓaure kada ka tona cikinsa. Mu yau sai mun tona, gama a can ilimin yake.

Abin nan da muke kira ɗan ɓaure, ɗaki ne, furanni ɗaruruwa suna jere a cikinsa, ƙanana ƙwarai. Ɗakin ba shi da ƙofa sai wata 'yar kafa a ƙarshensa. To, fure ba ya zama iri sai an kawo masa garin wani fure. Masu noman dabino sun san wannan, gama sukan ɗebo furen namiji su sa wa mace don ta yi 'ya'ya masu kyau. Wa zai kai wa ɓaure gari, ga shi a rufe?

Allah ya yi masa ma'aikaci. Wani ƙwaro ne dangin rina, bai fi kiyashi girma ba, ba ya kuwa harbin mutum. Macen takan zo ɗauke da garin fure daga wani ɓaure, ta kutsa ta 'yar kafar nan, sau da yawa har fukafukanta su cire. Ta bi furanni tana sa musu gari, tana kuma saka ƙwai a cikin waɗansu, kāna ta mutu a nan ciki. Bayan 'yan makonni 'ya'yanta su ƙyanƙyashe. Mazan ba su da fukafukai. Su ne ke huda bangon ɗakin su yi ƙofa. Matan su kwashi gari su fita, su tashi neman wani itace. Sa'an nan ne ɗan ɓauren zai nuna, ya yi zaƙi, tsuntsu da jemage su ci, su kai irin nesa su yar. Ta haka gamji ke tsirowa a kan wani itace, kawuri kuma a tsagin dutse. Kusan kowane irin ɓaure da nasa ƙwaron. Na durumi dabam, na ceɗiya dabam.

Mutanen Kalifoniya ta Amurka sun sha wahala kafin su gane wannan. Wajen 1880 suka kawo rassan wani tin mai daraja daga Izmir ta Turkiyya suka dasa. Itatuwa suka girma, amma 'ya'yan sai su kakkaɓe tun ba su nuna ba, shekara da shekaru. Sai a 1899, da aka kawo musu ƙwaron daga Aljeriya ya zauna a gonakinsu, kāna suka fara cin amfani.

Iri da reshe

Yanzu ku kasa kunne, ga zuciyar darasin. Itacen da ya fito daga iri iyaye biyu gare shi, watau itacen da ya yi ɗan, da wanda ƙwaro ya ɗebo gari daga gare shi. Saboda haka yakan bambanta da uwarsa, kamar yadda ɗa ba ya zama daidai da ubansa. Amma idan aka yanki reshe aka dasa ya kama, wannan ba ɗa ba ne, uwar ce da kanta ta sake tsayuwa a wani wuri. Ganye ɗaya, inuwa ɗaya, ɗanɗanon 'ya'ya ɗaya.

Haka abin yake ga dabino. Wanda ya shuka ƙwallo bai san ko namiji zai samu ko mace ba, sai bayan shekaru. Wanda ya cire ɗan da ya fito a gindin uwa ya dasa, ya san abin da zai ci.

Mutanen Masar tun zamanin Fir'auna suke da ɓaure, irin namu na bakin fadama, har da katakonsa suka yi akwatunan gawa. Amma ƙwaronsa ba ya ƙasarsu, don haka ɓaurensu ba ya yin irin da zai tsiro. Da reshe suka riƙe shi shekaru dubbai, uba ya dasa, ɗa ya yanka ya dasa. A tsibirin Siri Lanka kuma, a garin Anuradapura, akwai wani itace dangin ɓaure da littattafan tarihinsu suka ce reshe ne aka kawo daga Indiya aka dasa a shekara ta 288 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya haura shekara 2,300 ke nan, yana nan da ransa, domin ba a taɓa rasa masu kula da shi ba.

To, ku dawo gida. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birninta, gari ya yi ta faɗi. Inda dā gona ce, yau titi ne ko ofis. Mai neman makamashi yana sara, makiyayi yana sassabe ganye, wani itacen kuma tsufa ne ke kayar da shi. A ce kakanka ne ya dasa durumin ƙofar gidanku. A ƙarƙashinsa aka raɗa wa babanka suna, a nan dattawa ke hira, a nan aka ɗaura auren gwaggonka. Ranar da ya faɗi, in ba wanda ya yanki reshensa, ya tafi ke nan, ko da kuɗi ba a sayo shi. Amma in ka riga ka dasa reshe, durumin kaka yana nan. In kun tashi daga Garu kun koma sabuwar unguwa, sai ku tafi da shi. In an kai yayarka aure Kiyawa ko Birnin Kudu, kana iya kai mata reshe, ta riƙa shan inuwar gidansu a gidan miji.

Yadda ake dasawa

Dangin ɓaure, musamman durumi da ceɗiya, ba su da wuyar kamawa. Ga yadda za ka yi.

1. Ka fara neman izini. Ka durƙusa ka gai da mai itacen, ka ce, "Baba, ko ka yarje mini in yanki reshe ɗaya in dasa?" In ya yarda, ka tambaye shi wanda ya dasa itacen da lokacin da aka dasa.

2. Ka jira farkon damina, wajen watan Yuni, sa'ad da ƙasa ta jiƙa.

3. Ka roƙi babba ya sare maka reshe miƙaƙƙe mai lafiya, kaurinsa kamar wuyan hannunka, tsawonsa kamu 3 ko 4. Kada ka hau itace da adda. Ka kiyayi farin ruwan, kada ya shiga idonka.

4. Ka zage ganyen, ka jingine reshen a inuwa kwana 1 ko 2, bakin saran ya bushe.

5. Ka zaɓi wuri nesa da katanga da rijiya, kamar taki 15 ko fiye, gama saiwar dangin ɓaure tana da ƙarfi, takan tsaga gini.

6. Ka haƙa rami, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka. Ka kafa reshen, sulusinsa a cikin ƙasa, gindi ƙasa, kai sama. In ka juya shi ba zai yi ba. Ka tattake ƙasar ta kama shi sosai.

7. Ka kewaye shi da ƙaya, gama akuya ba ta ganin tohon ceɗiya ta wuce. Ka riƙa duba gara.

8. Da rani na fari ka riƙa ba shi ruwa, ko da na wanke hannu ne. In ya karkace ka kafa masa sanda, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani reshen ba zai kama ba. Kada wannan ya karya maka zuciya. Ka dasa 2 ko 3.

Littafin mai tarawa

Mai tara itatuwa ba ya rabuwa da littafi, gama reshen da ba a san asalinsa ba sanda ce kawai. Ka ware shafi ɗaya ga kowane itace. Ka rubuta sunansa, da wurin da uwar take, da sunan wanda ya dasa ta, da ranar da kai ka dasa naka. Ka danne ganye ɗaya a tsakanin takardu har ya bushe, ka manna shi a shafin. Duk shekara ka auna tsawon itacen ka rubuta. In gidanku ba fili, ku roƙi malam ya ba ku gefen filin makaranta, kowa ya kawo reshe daga gidansu, ku yi musaya. Kafin ku gama makaranta sai ku ga kun tara iri 5 ko 6, 'yan aji ɗaya suna karatu a inuwarsu.

Inuwar da kuke sha yau, wani ne ya dasa, watakila bai ma zauna a cikinta ba. Ku ma ku dasa, na baya su samu.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu biyu da ake gane dangin ɓaure da su.
2. Ina furen ɓaure yake, wa kuma ke kai masa gari?
3. Me ya hana tin na Kalifoniya nuna kafin 1899?
4. Mene ne bambancin itacen iri da itacen reshe?
5. Don me ba a dasa ceɗiya kusa da rijiya?

Aikin yi

Ka tambayi kakanka ko kakarka wane itace ne ya fi tsufa a gidanku ko unguwarku, wa ya dasa shi, da abin da ya taɓa faruwa a ƙarƙashinsa. Ka rubuta amsar cikin layi 10, ka kawo wa malam tare da ganye ɗaya.