Kabaid Da Ruwa: Lissafin Da Zai Tsare Gidanka

Maigida, ka san kabaid, dutsen nan mai wari da masu walda na Sabon Gari da Samaru ke aiki da shi. In ruwa ya taɓa shi sai ya yi ta tafasa, yana fid da iska mai kama wuta, sunanta asitilin.

Ga lissafin. Kilo 1 na kabaid ɗin kasuwa yana ba da iska wajen lita 300, watau cikin durom ɗaya da rabi. Rabin kilo, lita 150. Giram 100, lita 30.

To, in iskar nan ta kai kashi 2½ cikin 100 na iskar wuri, ashana ɗaya ta isa ta fasa shi. A durom mai cin lita 200, lita 5 ke nan. Giram 17 kawai ke ba da wannan, gutsuren da bai kai goro ba.

Saboda haka ka ajiye kabaid cikin busasshen gwangwani mai murfi, nesa da randa da murhu, balle da damina. In ka ji warinsa a ɗaki, kada ka kunna fitila. Buɗe ƙofa, ka fid da yara. In ya kama wuta, zuba busasshen yashi, kada ruwa.

Rigakafi ya fi magani.